Kurangar Baba a Umm Salal

Ranar da Faransawa suka cika jirgin ƙasan Doha da waƙa, lokacin gasar kofin duniya, sai na tuna da Baba, wani dattijo abokin aikina. Da yarensu yake faɗa idan ransa ya ɓaci.

Mutumin Damagaram ne. Ya daɗe a Faransa yana yi wa wani gida aikin gonar inabi, mutanen da tun kakanninsu giya suke yi. Shi bai taɓa kurɓa ba. Ƙasarsu dai ya sani, fara mai tsakuwa, har a harshe yake ɗanɗana ta.

A gonar da muke aiki a Umm Salal, kusa da Doha, ya dasa kurangar inabi bayan ɗakinmu. Wata safiya ya kama ni ina malala mata ruwa. Ya fizge tiyon da hannunsa mai kaushi, yana warin taki.

"Kai, ɗan nan, da gata za ka kashe ta?"

"Baba, ƙishi take ji."

"Bar ta ta ji. Can Faransa ma ba sa shagwaɓa ta. Sai ta wahala saiwarta ke huda dutse."

Korona ta ɗauke shi. Ba a bar mu mun raka gawarsa ba.

Yanzu kafil, wato ubangidanmu, ya ce a tumɓuke kurangar, rumfar motoci zai yi. Ban roƙe shi ba. Na yanki rassa masu ido, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Duk inda aka mayar da ni, can zan dasa su.

Allah Ya sanyaya makwancin Baba. Ni kuma Ya ara mini kwanan da zan ga sun yi ganye.