Gaisuwar da Na Bar wa Inna a Kaset

Jiya a kasuwar Kabo na ga wata tsohuwar rikoda a rumfar mai gyaran rediyo, sai Inna ta faɗo mini a rai.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a rikicin tsufa ya kama ta. Kullum da la'asar sai ta yafa mayafi ta nufi bakin titin Madadi, wai za ta taryo ni daga makaranta. Alhali ina Kano ina aiki, tsadar mota ta hana ni zuwa akai-akai. Ƙanwata Ladi, wadda ke jinyarta, ta gaji da bin ta, ta ce in ɗauki muryata a kaset. Na ɗauka: "Inna, ina wuni? Ya ƙafar? Zauna, ga ni na dawo." Bayan kowace gaisuwa na bar sarari don ta amsa. Dabarar ta yi aiki, Inna ta daina fita. Ni kuma na ƙara daɗewa ban leƙo ba.

Da na zo hutun Sallah, na tarar da ita a tabarma, tana ƙamshin man kaɗanya, rikodar a cinyarta. Na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni?"

Ta ɗaga mini hannu. "Malam, ɗan saurara. Ɗana ne ke gaishe ni. Shi kullum sai ya zo."

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka makwancinki. Ya sada mu a inda zan gaishe ki da bakina, ki amsa.