Zoben da Ya Koma Kore

Lokacin da mijina yake karatu a Alƙahira, muna zaune a unguwar Arba wa Nus, ƙofarmu na kallon ta wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan. Inna nake kiranta. Tana da zoben azurfa mai dutsen ado da ake kira fairuz, wanda marigayi mijinta ya kawo mata suna amarci. An ce masa daga wani ramin haƙar jan ƙarfe da aka daɗe da rufewa aka samo dutsen.

Wata rana muna tsinke mulukiya, wato lalo, ta dubi zoben ta ce, "'Yata, cutar Malam mijina aka yi. Shuɗi ne tas da ya kawo shi, ga shi ya koma kore. Ban taɓa faɗa masa ba, don kada ransa ya ɓaci."

Na matsa mata har muka je wurin wani dattijo maƙerin azurfa. Ya ɗora dutsen a kuncinsa ya ji sanyinsa, ya daɗe yana duban baƙaƙen jijiyoyin da ke jikinsa.

"Ya Hajja, wannan na gaske ne," in ji shi. "Na roba ba ya sauya launi. Wannan kuwa man girkinki da gumin hannunki ya sha shekara da shekaru. Irinsa ya yi wuya yanzu."

Inna ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi.

"Allah sarki, Malam," ta ce, tana tuna mijinta. "Ashe ni ce ban sani ba."

A motar komawa gida, addu'a ta yi ta yi wa marigayin ƙasa-ƙasa, ina amsawa da amin.