Man kaɗanya a cikin kyamarar Yaya

Ranar sunan ɗana na fari na kusa hana Innata ganin jikanta, kuma da hannuna.

Muna zaune a unguwar Nima cikin birnin Ankara lokacin, gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya. Inna tana can Gaya, ƙafa ta hana ta tafiya. Yayan maigidana yana aikin jirgin ruwa a Tema. Shi ya zo da wata kyamarar ɗaukar fim, baƙa, mai nauyin dutsen guga, wadda ake murɗa mata maɓalli kamar agogo. Ya ce zai ɗauki sunan, bayan Sallah ya tafi da injin haskawa har Gaya ya nuna wa Inna a bango. Fim ɗin nadi ɗaya ne tak, babu wani.

Da safe ya shigo ɗakina, wai nan ne ya fi duhu, don labulena a sauke yake tun da na haihu. Ya buɗe cikin kyamarar yana zura fim, sai aka kwala ihu a tsakar gida: ragon suna ya tsinke ya faɗa babbar kwata. Yaya ya ajiye ta a kan gado ya fita da gudu.

Ni mutum ce mai duba abu. Kafin in kwanta sai na taɓa sakata sau uku. Na leƙa, na ga fim ɗin ya yi lanƙwasa biyu, sama da ƙasa, sako-sako, kamar goyon da aka ba ƙaramar yarinya. Na ce Yaya garin sauri bai ɗaure ba. Na ja shi a hankali har ya miƙe tsaf. Sai kuma na ga 'yan haƙoran da ke jan sa a bushe ƙamas. Man kaɗanya na nan kusa da ni, shi nake shafa wa jariri, shi muke sa wa ƙofa in tana kuka. Na lakato kaɗan na shafa musu, na rufe murfin, na ji daɗi a raina.

Wanzami ya fara aski, mata sun cika tsakar gida, waken suna na kan wuta. Yaya ya dawo wandonsa duk kwata, ya ɗora kyamara a ido, ya danna. Ta ce kirrr, ta ce ƙit, ta yi shiru.

“Cale, me kuma?” in ji shi, da kalmar da 'yan Ankara ke kiran aboki. Ya murɗa maɓalli. Ƙit.

Mai gidan hayarmu, wata Anti 'yar ƙabilar Ga, ta ce a buga ta a gwiwa, haka take yi wa rediyonta. Gwaggon maigidana ta ce baki ne, tun safe mutane ke yaba abin, ta kawo kasko ta turara shi har Yaya ya yi tari. Wanzami ko ɗaga kai bai yi ba, rabin kan ɗana ya riga ya fita fes. Ni ina bakin ƙofa ina kallo.

Cikin baƙi akwai wani tsoho mai gyaran agogo a unguwar Adabraka. Ya karɓa, ya shiga ɗakina, ya sa na lulluɓe shi da zanen gado don kada haske ya ƙone fim. Can na ji muryarsa daga cikin zane.

“'Yata, wa ya yi wa injin nan wankan jego?”

Na ji yana shinshinawa.

“Ƙanshin kaɗanya nake ji.”

“Baba, bushewa ya yi,” na ce. “Kuma Yaya bai ɗaure fim ɗin ba, ni na gyara.”

Zanen ya dinga rawa, dariya yake. Ya ce lanƙwasar nan da gangan ake barin ta. Fim ɗin tsayawa yake yana tafiya, tsayawa yana tafiya, in ba a bar masa wurin numfashi ba haƙoran sai su tauna shi. Ya aika aka karɓo auduga da sifirit wurin wanzami, ya goge man, ya yanke inda ya taune, ya sake zurawa, ya bar masa sako-sakon nan.

“Baba, ba zai zame ba?”

“Cire hannunki, 'yata.”

Da muka fito an gama aski, kan yaro sai ƙyalli. Na fashe da kuka. Yaya ya roƙi wanzami ya sake. Mutumin ya zauna, fuska a murtuke, yana bin tanƙwalin kai da bayan aska, Gwaggo na guɗa karo na biyu. Ni kuma aka sa na goya jaririn na juya gaban kyamara. Ta yi ta kirrr har fim ya ƙare.

Bayan Sallah Yaya ya dawo daga Gaya. Ya ce sau huɗu Inna ta sa aka maimaita, har ta tashi da sandarta ta shafa bangon. Ta ba shi saƙo biyu. Na farko, wane irin wanzami ne a Ankara da ke aske kan da ba gashi. Na biyu nawa ne: in sassauta wa yaron nan zane, ta ga idonsa ya firfito.