Ranar Da Aka Tura Motar Yaya

Jama'a, wallahi wannan a kaina ya faru, a Zongon Kwatano, zamanin da gwamnatin gurguzu ta sa kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Ni bakanike ne, wana kuma, Yaya Sani, yana da tsohuwar akori-kura da yake ɗaukar hatsi daga kasuwar Dantokpa.

Demarer ɗinta, abin da 'yan Najeriya ke cewa kik, ya daɗe da gajiya. Kullum sai Yaya ya buɗe bonet ya ƙwanƙwasa shi da sufana, ƙwas ƙwas, ya ce, "Murɗa, ƙanena!" sannan ta tashi. Na yi na yi in canza, ya hana. Turi kuwa, ina! Cewa yake, "Ba a tura motata ina raye."

Da ciwo ya ci ƙarfinsa ya bar min wasiyya, motar ce za ta kai shi makwancinsa a unguwar Akpakpa, ƙetaren gada. Ya cika da hantsi, aka yi masa sutura, na murɗa makulli, shiru. Na ƙwanƙwasa da kaina, shiru. Na cire kan batir, na kwance wayoyi da notuna, na zaro demarer na ajiye a ƙasa, na kawo wani, ashe ramukansa ba su hau ba. Ga gawa an sallata, ga rana tana yi, liman ya ce, "Malam, a tura ta mana." Na ce a'a.

Na shiga na zauna ina kuka kamar yaro, hannuna ya kai kan makulli don sabo kawai. Sai na ji ƙwas ƙwas daga cikin bonet. Innalillahi! Na murɗa, ta tashi. Na leƙa, ga demarer can kwance a ƙasa, kuma na rantse ban mayar da kan batir ba.

Muka sa gawa, muka haye gada. Na bar ta a kunne a bakin maƙabarta, ana gama rufe shi ta mutu. Ranar muka turo ta har Zongo, ni na riƙe sitiyari, ban ga hanya ba don hawaye.

Har yau ban san me na ji ba, kuma in wani ya buga ƙarfe a gareji sai na waiga. In kana da ɗan'uwa mai taurin kai, ka bar shi da tsohon kayansa. Wata rana ƙwas ƙwas ɗin za ka nema.