Layin Injin Ban Ruwa

Shekarar da manoman shinkafar garinmu, kusa da Shanga, suka haɗu suka sayi injin ban ruwa, ni da ɗan kawuna aka ba aikin rubuta manhajar waya mai nuna wa ke bin wa a layi. Wanda ya riga dasa, shi ke riga sha. Innata ce ta uku.

Na ɓoye layin a cikin tsarin manhajar, na bar ƙofa ɗaya. Duk sashen manhajar da ya nemi layin, aron kallo yake samu: ya karanta, ba ya iya taɓawa. Ɗan kawuna kuwa so yake a mayar da shi aron gyara, wanda ke miƙa ainihin layin a hannun mai aro.

A gaban manoma ya ce, "Ku dube ta, rowa har cikin kwamfuta! Gado ta yi."

Aka yi dariya. Inna na zaune a wurin, ta sunkuyar da kai. Wannan kalmar ban yafe ta ba, ba kuma zan yafe ba.

Suka miƙa masa aikin. Ya sauya ƙofar zuwa aron gyara, ya ƙara shafin da ke jera sunaye bisa haruffa don su yi kyau a ido. Ina dubawa na ga ɓarnar. Da aron kallo ne, manhajar ba za ta yarda ba sai ya kwafi layin ya jera nasa. Yanzu kuwa layin gaskiya ya hargitsa, masu harafin farko sun koma gaba, Inna ta faɗa can baya.

Na bar ɓarnar yadda take. Na je Yelwa na aro ƙaramin injin wata ƙawata, na ɗora a kan babur, muka shayar da gonar Inna. Sannan na zauna jira, don na san kawu, mahaifinsa, shi ma yana layin, kuma sunansa da harafin ƙarshe yake farawa.

Ruwa bai kai gare shi ba sai da shinkafarsa ta yi ja. Ya zo gidanmu da kansa, da busasshen dashe a hannu.

"Ɗiyata, mi ya faru da layin ga?"

Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo fura mai sanyi.

"Kawu, ni marowaciya ce. Ka tambayi mai kyauta, yana gidanka."