Butar Kaka da Katakon Gwiwa

Har yau idan na ji ƙarfe ya faɗi a kan siminti yana gangarawa, sai gabana ya faɗi. Jiya ma haka aka yi. Murfin tukunya ne kawai ya kuɓuce wa 'yata a kicin, amma ni sai na tsinci kaina a ƙofar gidanmu na unguwar Makera a Kaduna, ina 'yar ƙaramar sakandare, ina kallon butar kakana tana birgima zuwa bakin kwata.

Gidan haya ne, irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, da famfo ɗaya a tsakar gida wanda yake kawo ruwa ranar da ya ga dama. Babana yana aiki a masaƙa a Kakuri, haka ma yawancin mazan gidan. Da safe za ka ji ƙarar kekunansu suna fita, da yamma su dawo da burbushin auduga a gashin kai. Ɗakin da ke kallon namu na wasu mutanen Binuwai ne, 'yarsu kuma ƙawata ce, ajinmu ɗaya. Tuwonmu yana shiga ɗakinsu, sakwararsu tana shigowa namu, ba wanda ya taɓa ganin abin a matsayin wani abin magana.

Kaka, mahaifin Baba, ya dawo wurinmu ne daga ƙauye bayan rasuwar matarsa. Kayansa ba su da yawa, amma a cikinsu akwai wata butar ƙarfe mai nauyi, mai lotsawa a gefe, wadda ba mai taɓa ta ko da wasa. Dogon mutum ne mai tsafta, mai son a gan shi tsaf. Ni yake kira amarya, ni kuma in ce masa ango mai furfura, in ce sai ya sake haƙora kafin in tare. Kowace salla yakan fita da butarsa ya zauna a dakalin ƙofar gida tare da tsofaffin layinmu, su yi alwala suna taɗi, sannan su taka zuwa masallacin bakin layi. Rayuwarsa a Kaduna ke nan gaba ɗaya, kuma ta ishe shi.

Rawar hannu ta fara masa a hankali. Da farko shayi ne yake ɗan zuba a tabarma, sai ya ce kofin ne ya cika zafi. Daga baya ya koma ɓoye hannun dama a cikin riga idan ana hira. Duk mun gani, duk mun yi kamar ba mu gani ba. Sai wata la'asar a tsakiyar bazara, ina dawowa daga aike, ya ɗaga butar zai zuba a hannu, ta kuɓuce masa, ruwan ya kwarara a gaban wandonsa. Wasu yara da ke wucewa suka nuna shi suka fashe da dariya. Tsofaffin suka kore su, amma aikin gama ya gama. Kaka ya tashi ya shige gida yana rufe gabansa da riga, ni na tsinto butar.

Daga ranar bai sake zama a dakali ba. Salla a ɗaki, alwala a bayan ɗaki inda ba mai gani, ya daɗe yana fama, ya fito da hannun riga sharkaf. Mama takan sami jiƙaƙƙun kayansa a cuse ƙarƙashin katifa, ta shanya. Baba kuwa ɗan fari ne, tsakaninsa da Kaka akwai kunya mai kauri. Ba sa haɗa ido, Kaka ko sunansa ba ya kira. Don haka ta bakin Mama Baba ya aika cewa a riƙa sa ƙanena yana zuba masa ruwa. Amsar da Kaka ya bayar ina jin ta har yanzu.

"Ki ce masa ban mutu ba tukuna. Gawa ake zuba wa ruwa."

Bayan 'yan kwanaki ya ƙara da cewa da zarar damina ta sauka zai koma ƙauye. Can babu kowa sai rufaffen ɗaki da dangi na nesa. Mun san idan ya tafi, ba za mu sake ganinsa a tsaye ba. Na yi kuka ranar, kuka sosai, don ina son tsohon nan fiye da yadda bakina yake nunawa.

A shekarun ne aka shigo da sabon darasin fasaha a ƙananan sakandare. An kawo wa makarantarmu injuna a manyan akwatunan katako, amma ɗakin da za a sa su babu wuta, sai suka zama wurin zamanmu lokacin hutun tara. Malaminmu, wani siririn mutumin Filato mai yawan tura tabarau da yatsa, bai tsaya jiran wuta ba. Ya ce kowa ya je gida ya nemo abin da yake damun wani, ya lura da shi da kyau, ya zana maganinsa, ya ƙera, ya gwada. Idan bai yi ba, ya duba inda ya gaza ya sake. Ya ce mai ƙira ba ya jin haushin abin da ya ƙi aiki, tambayarsa yake yi me ya hana shi.

Ni ba sai na nemo ba, matsalata tana kwance a ɗakinmu. Na gaya wa ƙawata, ta ce mu yi tare. Muka zana wani ɗan tsayayyen katako mai ƙafa biyu, da sandar ƙarfe a gicciye, buta tana rataye a jikinta cikin kwandon waya kamar lilo. Igiya ta taso daga wuyan butar zuwa wani fallen katako a ƙasa. Ka taka fallen, buta ta sunkuya, ruwa ya zubo, hannu bai taɓa komai ba. Malam ya ba mu katako daga murfin akwatunan nan, yayan ƙawata ya ba mu tsohuwar wayar birkin keke. Muka yi ta bugun ƙusa a bayan aji har yatsunmu suka yi jini.

Ranar gwaji a makaranta abin ya yi kyau har ya ba mu mamaki. Malam ya tsaya ya taka, ruwa ya zubo, ya wanke allin hannunsa, 'yan aji suka tafa. Muka ɗauko shi a ka har gida muna tafiya kamar waɗanda suka ƙera jirgi.

Kaka ya dube shi ya dube ni. Ya jawo 'yar kujerarsa ta tsugunno ya zauna a gabansa, kamar yadda kowane mai alwala yake zama. Nan take na ga abin da ban gani ba a makaranta. Wanda ya zauna ƙasa haka, gwiwoyinsa a sama, ba shi da ƙarfin taka komai. Ya yi ƙoƙari ya danna da diddige, butar ta kife gaba ɗaya ta watsa masa ruwa a ƙafa.

"Amarya," ya ce, "to in na zo wanke ƙafar, da wace ƙafar zan taka? Ko ta uku za ki ara mini?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba. Ni da nake alwala kullum, ko sau ɗaya ban tuna cewa a zaune ake yin ta ba, kuma ƙafa ma wanke ta ake yi. Mun ƙera abin wanke hannun mutumin da ke tsaye.

Washegari na gaya wa Malam ina cika ina batsewa, na ce abin banza ne, mu bar shi. Ya tura tabarau ya tambaye ni ko na taɓa zama na kalli kakan nawa yana alwala tun daga farko har ƙarshe. Na ce a'a, ai ba a ƙura wa babba ido, balle shi da yake ɓuya. Ya ce shi bai san alwala ba, shi ya sa ya tafa mana. Ya ce, "Ke kin sani, amma ba ki duba ba. Koma ki duba, sannan ki zo mu yi zane."

Abin da Baba ba zai iya roƙa ba, jika tana iya samunsa da wasa. Da azahar na bi Kaka bayan ɗaki na tsuguna, na ce amarya tana da haƙƙin ta ga ko angonta ya iya alwala, kada a cuce ta. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na ƙi. Can ya ɗauki butar.

Ban taɓa kallon abin da ya yi mini ciwo kamar wannan ba. Bakin butar yana bugun tafin hannunsa, ruwan yana zuba ko'ina ban da inda ake so. Yakan ajiye ya huta, ya sake ɗauka. Kafaɗarsa tana rawa, haɓarsa ma tana ɗan rawa. Na danne hawaye na ci gaba da kallo, tunda kallon aka aiko ni. A nan na lura cewa duk jikinsa yana motsi ban da gwiwoyinsa. Suna nan a kafe kamar turaku. Na kuma ga yadda yake tsuke fuska duk lokacin da ruwa ya zube a banza, yana cewa almubazzaranci ne ko da a bakin kogi kake.

Muka koma kan zane. Muka cire fallen ƙasa, muka sa wani katako a tsaye wanda zai zauna tsakanin gwiwoyinsa, ya tura shi da gefen gwiwa. Idan zai wanke ƙafar dama ya tura da ta hagu, idan ta hagu ce ya tura da ta dama. Wannan ma bai yi ba da farko. Butar takan sunkuya ta ƙi komawa, ruwa ya ƙare kafin a kai ga fuska. Ƙawata ce ta kawo shawarar mu ɗaure ta da robar tayar keke don ta riƙa ja da ita baya. Sai kuma ruwan ya riƙa zubowa da yawa. Yanzu Kaka ya shiga aikin dumu-dumu, yana zaune yana ba da umarni kamar shi ne malamin. "Ya yi yawa. Kogin Kaduna kuke so ku kawo mini?" Muka buga ƙusa a inda butar za ta tsaya, muka cire, muka matsar, muka sake bugawa, har katakon ya cika da huji. Hadari kuwa kullum yana haɗuwa ta gabas, ni kuma ina kallonsa ina tuna zancen komawar Kaka ƙauye.

Ruwan farko ya sauka kafin mu gama. Da gari ya waye na leƙa wurin Kaka ina tsoron in ga ya ɗaure kaya. Na same shi zaune a gaban katakonmu yana tura shi da gwiwa a hankali, ruwa siriri yana sauka a tafin hannunsa. Ya yi alwala cikakkiya, rigarsa a bushe. Da yamma ta gabato ya shafa gemu ya ce, "Ɗauko mini shi. Dakali za mu."

Ƙasa tana ƙamshin ruwa, layin duk taɓo. Tsofaffin suka taso suna yi masa barka da fitowa kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Suka kewaye abin suna taɓawa, ɗaya ya ce a bari ya gwada. Kaka ya ce kowa ya je ya nemi tasa amaryar. Da aka kira la'asar ya yi alwalarsa a gaban kowa, ya miƙe ya bi su masallaci. A daidai lokacin Baba ya shawo kwana a kan kekensa daga aiki. Ya tsaya daga nesa, ƙafa ɗaya a ƙasa, har suka shige.  Bayan magariba na gan shi tsugune yana ɗiga wa sandar ƙarfen man keken ɗinkin Mama.

Ban tuna makin da aka ba mu ba. Na dai tuna Malam ya tare ni a bakin aji ya ce, "Tsohon ya koma masallaci?" Na ce ya koma. Ya gyaɗa kai ya wuce.

Kaka bai sake zancen ƙauye ba. A ɗakinmu ya cika bayan wasu shekaru, kuma har ranar da ya kwanta ciwon ajali ba wanda ya zuba masa ruwa.

Yanzu masaƙun sun yi shiru, ciyawa ta cinye harabarsu. Gidan hayar nan an rushe shi an yi shaguna. Iyayen ƙawata sun koma Sabon Tasha tun lokacin da garin ya rabe bayan rikici, kowa ya nemi inda nasa suke, sai dai mu gaisa a waya. 'Ya'yana suna yin irin darasin nan a makaranta da hotuna masu kyau, amma ban ga an tura su su zauna su kalli wani tsoho ba.

Baba ya tsufa, yana gidan da ya gina a Unguwar Mu'azu, gida mai famfo a kowane banɗaki. Bara na lura ya fara sa hannun dama a cikin riga idan muna hira. Na gani, na yi kamar ban gani ba. Da na koma ziyara kwanan baya ban same shi a falo ba, Mama ta nuna mini bayan ɗaki da haɓa. Yana zaune a 'yar kujera, butar ƙarfen nan mai lotsawa tana rataye a gabansa, katakon nan mai huji-huji yana tsakanin gwiwoyinsa. Ashe duk ƙaurar da muka yi yana tafe da shi. Bai ɗago ya dube ni ba.

"Robar ta mutu," ya ce, "ruwan yana yi mini yawa. Zo ki duba."

Na ajiye jakata, na tsuguna a gefensa, na ce ya fara daga farko in gani.