Akuyar Haɓɓanaye da Baƙar Leda

Ko ranar da tsufa zai kai ni ina kiran jikoki da sunan juna, ba zan manta da safiyar da anka farke cikin akuyar nan a tsakar gidana ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau tana raina.

Akuyar ba tawa ba ce, shi ya sa abin ya ci ni. Ina da ƙawa, Bafulatana, da ke kawo nono garinmu Filinge daga rugarsu ta bayan gari. Shekarar da maigidana ya rasu, bayan na fita takaba, sai ga ta riƙe da igiya, jar akuya na biye da ita. Ta ɗaure ta a turke, ta ce, "Na ɗaura miki haɓɓanaye." Ga wanda bai sani ba, uwa ake ba mutum ya riƙa. In ta haihu ɗiyan nasa ne, uwar kuma ya mayar wa mai ita da ƙafafunta. Ba takarda, ba shaida. Sai wanda anka yarda da hannunsa ake ɗaura wa.

Cikin wannan shekara ɗana ya dawo daga Yamai da matarsa, na sakar mata cefane. Ni tun ina amarya, in za ni kasuwa kwando ne a kai, ƙwarya a ciki, kwalbar mai a hannu. Ranar da na miƙa mata su sai ta yi dariya, ta ce, "Inna, wa ke yawo da waɗanga kaya yanzu? Sai ka ce mai ƙaura." Hannu biyu take fita, ta dawo da ƙulle-ƙulle. Mai a leda, gishiri a leda, barkono a leda, sukari a leda, sannan a haɗa su duka cikin wata baƙar leda babba. Yau haka, gobe haka. Kuɗin cefane ba ya kai inda ya saba kaiwa, ɗana kullum yana zagin tsadar zamani. Ledojin kuwa a watsa su bayan madafa, iska ta kwashe ta rataya wa ƙaya, saura ta tara su gindin danga, daidai inda akuya ke kwana. Na gani da idona. Ban ce komai ba, don daɗin hutu ya shige ni, kuma ba na so a ce tsohuwa ta cika sa ido.

Da damina ta faɗi, ƙawata ta bi garke sunka yi arewa. Ni kuma na kai akuya wurin bunsurun maƙwabta, ba a jima ba ciki ya fara tasowa. Murna kamar in taka rawa. Har saƙo na aika mata ta bakin masu nono, na ce a gaya mata tagwaye ne, don cikin ya yi girma. Ina ba ta dusa, ina ba ta harawa, ta shinshina ta kau da kai, ni kuwa in ce laulayi ne. Wata biyar ya cika, shiru. Na shida ya kama, hantsa ba ta sauko ba, haƙarƙari duk a waje, ciki kamar tulu. Tsohuwa da furfura, wadda ta ga haihuwar awaki ba iyaka, ina zaune ina jiran suna.

Wata safiya ta kasa tashi. Na aika anka kira mahauci. Ya duba idonta, ya danna cikin da yatsa, ya ce, "Inna, sai wuƙa, kada ta tafi mushe." Na ce to, amma ya yi hanzari ko a ceci ɗiyan. Ya yanka, ya feɗe, ya tura hannu cikin tumbi, ya yi ta ja, ya yi ta ja, har ya fito da wani baƙin dunƙule mai wari, a murɗe kamar igiyar rijiya. Ya yar da shi gabana, ya ce, "Ga tagwayenki nan, Inna. Wane suna za a raɗa musu?"

Leda ce. Wasu ma da ƙullinsu, irin ƙullin mai butik, wato ɗan kantin bakin hanya. Maiƙo da gishirin da ke jiki ne ke janta, tana lasa tana haɗiyewa, har babu wurin da ciyawa za ta zauna. Yunwa ta kashe ta ga dusa a gabanta.

Na kira matar ɗana, na ce, "Zo ki ga cefanenki." Ta toshe hanci da gyale, ta ce, "Inna, ai duk garin haka ake yi." Na ce, "Duk garin anka ɗaura wa haɓɓanaye?" Ɗana ya fito yana saɓa riga, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, akuya ce fa. Wata ya ƙare in sayi wata." Wannan magana ta fi ta matar ƙona ni. Na ce masa, "In ka tafi sayen, ka tambaya mini rumfar da ake sayar da idon da zan dubi mai akuyar nan da shi." Ranar ban ci naman ba, ban bari an dafa shi a tukunyata ba.

Bayan kaka Fulani sunka dawo. Ban jira ta zo ba, na naɗe fatar na tafi ruga da ƙafata. Na shimfiɗa ta gabanta, na faɗi yadda anka yi, na ce zan biya. Ta shafa fatar, ta daɗe tana shafawa, ta ce, "Ba a biyan haɓɓanaye. Kwananta ne ya ƙare." Na fara jin sanyi a rai, sai ta ƙara da cewa, "Amma akuya ba ta cika cikinta da leda rana guda, ƙawa. Ke kina ina?" Da mari ta ɗauke ni da shi, da ya fi mini sauƙi. Duk fushin da na kwaso kan matar ɗana, sai na ga rabinsa nawa ne.

Washegari na karɓe cefanen gidana. Na sauko da kwando, na wanke kwalabe. Mai, lita nake saye a zuba mini a kwalba. Gishiri da tiya, cikin ƙwarya. Kuka, kuɓewa, kauɗar tumatir, ina saye lokacin da sunka yi araha in adana a tukunya. Munka haɗa kai mu huɗu a unguwa, in mai mota za shi kasuwar Baleyara ya sayo mana buhu mu raba. Mai butik ya miƙo mini leda, na ce ya kai wa uwarsa ta yi ɗankwali. Sai ga abin mamaki, kuɗin da ba ya kai mu Alhamis ya koma yana kwana. Ashe kowane ɗan ƙulli da cutarsa, ana rage maka awo, kana biyan ledar da za ka yar. Matar ɗana ta yi ta kumbure-kumbure, amma da ta ga nama ya dawo cikin miya, ita da kanta ta fara tambayar ina kwalba.

Abin da ya riƙa saura na tara, har na sayi akuya tawa ta kaina. Ƙawata kuwa ba ta daina gaishe ni ba, ba ta daina cika mini ƙwarya da nono ba. Sai dai da wata budurwar akuya ta isa ɗauri a garkenta, na gan ta da igiya ta wuce ƙofar gidana, ta shiga wani gida. Ba a sake ɗaura mini ba har yau.

Abin da na koya ke nan, kuma da zafi na koye shi. Duk abin da ya shigo gidanka da cefane, ka san inda zai kwana bayan an sauke tukunya, don in ka yar da shi ba tafiya yake yi ba. Kuma in ka ga ɓarna a gidanka ka yi shiru don a ce kana da kirki, da hannunka a ciki. Kuɗin cefane na maido shi da kwando da kwalba. Yardar da ƙawata ta yi mini, ita ce ban maido ba.